Amsa ga Kawu kan aikinmu a ƙauyukan bayan Ƙonni

Kawu, Allah ya ƙara girma.

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo a nan Sakkwato, kun bugo waya kun tambaye ni a bainar jama'a: mu 'yan mishan da ke ƙetarawa Nijar, karatu muke koyarwa, ko allon tarko ne na kama 'ya'yan mutane? Lokaci ya ƙare ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Ba zan ɓoye muku ba, Almasihu ne ya kai ni can. Da asuba muna addu'a a gidan da muke zaune, wanda ya tambaye ni imanina kuma ina gaya masa. Amma ba a tambayar yaro addininsa a ƙofar aji, ranar Juma'a kuwa da wuri ake tashi. Iyayen nan ba yara ba ne. Sun san mishan tun 1950 da aka buɗe asibitin Galmi, sun sha magani a can, kuma yawancinsu har gobe a masallacinsu suke salla.

Mafi yawan yinina a cikin laka yake ƙarewa. Da an kai gero rumbu, sai mu shiga bugun bulo da gayya: samari na kwaɓa ƙasa, ana jigilar ruwa a kan amalanken jaki, magini na jan igiya. Kwano da katako ne ke cin kuɗi, da sefa ake sayensu a Ƙonni. Gaggawar tana da dalili. Ajujuwa da yawa a Nijar rumfunan kara da zana ne, kuma a shekarar 2021 gobara ta tashi a irinsu a Yamai, ta sake tashi a Maraɗi, yara fiye da 40 suka rasu. Duk wanda ya ji wannan labari ba zai iya barin yaro a rumfar kara da kwanciyar rai ba.

Karatu kuwa, da hantsi yara, bayan la'asar mata idan sun sauke tukunya, maza kuma sai dare da fitila mai caji. Da Hausa muke farawa, domin wanda aka fara masa da Faransanci sai ya haddace abin da bai fahimta ba. Abin da manya ke nema a bayyane yake: su karanta takardar asibiti, su rubuta bashin albasa, su duba saƙon ɗansu da ya tafi cirani. Ruwa na sauka aji ya watse, kowa ya nufi gona, mu ma mu ɗauki hauya.

Abin da ya fi damuna, Kawu, 'yan mata ne. Yarinya ta fara haɗa baƙi da wasali ke nan, sai a kawo goron aurenta, a cire ta. Ni baƙo ne kuma Kirista, maganata ba ta da nauyi a zauren mai gari. Ku kuwa malami ne daga garin Nana Asma'u, wadda ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure a ɗakunansu. Mutanen can suna kama gidajen rediyon Sakkwato sarai. Ina roƙonku, a karatunku na gaba ku yi wa iyaye magana su bar 'ya'yansu mata su gama, ko a ajinmu, ko a na gwamnati, ko a Islamiyya.

Ɗanku mai biyayya.