Tantabarunsa har yanzu suna komawa rufin ɗakinsa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Mu masu kiwon tantabara ne a Agege, muna haɗuwa kowace Lahadi bayan la'asar. Watan jiya ɗaya daga cikinmu ya kashe kansa. Shekara bakwai muna tare. Shi ne mai gane tantabarar da ba ta da lafiya tun daga yadda take takurewa, ya ware ta, ya jiƙa mata gero, ya kwana yana leƙa ta. Amma da shi ya rame, ya rage magana, ya daina zuwa, sai muka ce rashin ciniki ne. Wannan abin yana ci mini rai.

A zaman makoki wasu sun ƙi zuwa gaisuwa, wai abin kunya ne. Haba jama'a! Hukunci na Allah ne, ita kuwa mahaifiyarsa me ta yi da za a bar ta ita kaɗai a kan tabarma?

Ina roƙon jaridarku ta riƙa bayanin ciwon damuwa da Hausa. Cuta ce mai magani, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba. A 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, amma mutanenmu da yawa ba su sani ba.

Mun raba tantabarunsa. Biyun da na ɗauka kullum da yamma sai sun koma rufin ɗakinsa, in bi su in dawo da su. Allah ya jiƙansa.

Naka,
Mai kiwon tantabara, Agege, Legas