A Taimaka Mana da Tarihinmu a Intanet

Ranka ya daɗe Edita,

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Maraɗi. Kwanan baya na sa ɗalibaina su binciko ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945, wadda ta sa aka tashi garin daga fadama ya hau tudu. Da wayata guda muka yi aikin, yara sun yi mata rumfa, kuɗin data kuwa daga aljihuna.

A Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, suka ga gulbin da idonsu, har wata yarinya ta gano gonar kakanta. A Gallica, taskar littattafan Faransa da ake shiga kyauta, akwai tsoffin taswirorin yankinmu. Amma dukansu da Faransanci ne ko Turanci. Labarin Ɗan Kasawa da Katsinawan da suka kafa garin nan, wanda tsofaffinmu ke da shi a ka, ɗan kaɗan muka samu da Hausa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ina roƙon malaman jami'armu ta Ɗan Dikko Ɗankulodo su tura ɗalibansu su naɗi muryoyin dattawan fada, a rubuta, a zuba a Wikipedia ta Hausa.

Naku,
Wani malami, unguwar Zariya, Maraɗi