Rabon Ƙasa Ne Ya Hana Yaƙin Ingila da Sikotlan Mutuwa

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi ƙarin bayani kan abin da shafinku na tarihi ya kawo game da yaƙe-yaƙen Ingila da Sikotlan. Marubucin ya yi ƙoƙari wajen kawo fagagen fama, tun daga gadar Stirling a 1297 har Bannockburn a 1314, amma maganar ƙasa layi ɗaya ya ba ta, cewa sarakuna kan saka wa jarumansu da filaye. A ganina nan gizo ke saƙar. Yadda aka riƙa rabon ƙasar yana cikin manyan dalilan da suka sa rigimar da ta tashi a 1296 ba ta lafa ba sai a 1357.

A dokar Ingila ta wancan zamani, ƙasa duk ta sarki ce, kowa riƙo yake yi. Wanda za a ba ƙasa zai durƙusa ya sa hannuwansa cikin hannun sarki ya yi caffa, ya rantse. Sai a rubuta takarda, a ambaci wurin da hidimar da ke kansa, a rataya hatimi. Daga nan wakilin sarki ya raka shi har filin, ya damƙa masa hoge ko reshen itace a gaban shaidu. In ba a yi wannan mataki na ƙarshe ba, ƙasa ba ta shiga hannu ba, komai kyawun takardar. Hidimar kuwa ita ce barde ɗaya da dokinsa da sulkensa, kwana 40 a shekara, da guzurinsa, a kan kowane kaso. Yana iya aiko mahaya biyu masu ƙaramin shiri a madadin barde, ko ya biya kuɗi. In ya mutu, a yi bincike a gano me ya riƙe da wane ne magaji. Magajin zai biya fam 5 a kan kason barde ɗaya, fam 100 a kan ƙasar babban hakimi, kamar yadda Magna Carta, takardar yarjejeniyar sarki da hakimansa ta 1215, ta ƙayyade. In bai kai shekara 21 ba, sarki ne zai ci amfanin ƙasar har ya girma, kuma yana da ikon sayar da aurensa.

Mai karatu zai tuna da hakiman Kano kafin zuwan Turawa, waɗanda ke zaune a birni, jakadu na karɓo musu haraji, su kuma su fito da dawakai ranar yaƙi. Kamar akwai, sai dai sarki na iya tuɓe hakimi ya naɗa wani. A Ingila da Sikotlan riƙon ya riga ya zama gado, ba a ƙwacewa sai da babban laifi irin cin amanar sarki, kuma jikan wanda aka ƙwace wa ba ya mantawa.

Kwana 40 ɗin nan ba su isa yaƙin Sikotlan ba. Kewaye ganuwar Stirling kaɗai a 1304 ya ci wata 3, daga Afrilu zuwa Yuli, ga kuma garuruwa irin Berwick da Roxburgh da ke buƙatar masu gadi rani da damina. Dole Sarki Edward na ɗaya na Ingila ya koma ga lada. Barde yana karɓar fataka, wato sule 2, a rana. Mai tuta, wanda ke jan barade, sule 4. Mahayin da ba barde ba sule 1, dakare kwabo 2. Kafin a tashi, akawun sarki zai duba kowane doki, ya rubuta launinsa da kuɗinsa, domin in ya mutu a bakin aiki baitulmali zai biya. Akan kuma ba mayaƙi takardar kariya don kada a yi ƙararsa a kotu yana fagen fama. Duk wannan kuɗi ne, kuma Edward ya mutu a 1307 da bashin da ya kai wajen fam 200,000. Manyan hakimai kuma da yawansu suna ganin karɓar ladan yini ƙasƙanci ne. Abin da suke sa rai shi ne ƙasa.

To ƙasar wa? Ta mutanen Sikotlan. Bayan nasarar Falkirk a 1298, Edward ya zauna a Carlisle ya raba wa manyansa filayen waɗanda ya kira masu tawaye, alhali yawancin filayen suna hannun masu su. A 1301 ya ba Aymer de Valence ƙasar Bothwell tun kafin a ci ganuwarta. Dabarar a fili take: wanda ke riƙe da takarda zai yi yaƙi da gaske don ya ga abin ya tabbata. Illarta ta fito a 1304, lokacin da John Comyn, jagoran 'yan Sikotlan, da jama'arsa suka miƙa wuya bisa sharaɗin a bar musu rayukansu da ƙasashensu. Sulhu ya buƙaci a mayar, waɗanda aka ba suna riƙe da hatimin sarki. Mu a Jos ba sai an yi mana dogon bayani kan fili ɗaya mai takarda biyu ba. Duk da haka, da Robert Bruce ya kashe Comyn ya hau gadon sarautar Sikotlan a 1306, Edward ya sake maimaitawa: ya ba Humphrey de Bohun Annandale, ya ba Henry Percy Carrick, ya ba Robert Clifford yankin Hart da ke cikin Ingila, duk na gidan Bruce.

Wannan na ƙarshe yana nuna wani abu da ake mantawa. Kafin 1296 gidaje da yawa suna riƙe da ƙasa a ɓangarorin biyu. Gidan Balliol na da Barnard Castle, gidan Bruce na da gonaki a Essex, gidan Umfraville na da Redesdale a Ingila da Angus a Sikotlan. Sarakuna biyu suka kira mutum ɗaya yaƙi a kan juna, duk wanda ya amsa wa, ɗayan zai ƙwace.

Bruce ya fi Edward iya rabo, domin abin da ke hannunsa yake bayarwa, kuma yana neman hidimar da ta dace da ƙasarsa. A 1312 ya ba Thomas Randolph Moray a kan barade 8, daga baya ya ƙara masa tsibirin Man a kan jiragen ruwa 6, kowane mai filafili 26. A 1315 ya ba Colin Campbell Lochawe a kan jirgi ɗaya mai filafili 40. A wasu takardun ya mai da hidimar barde ta koma ta maharba. Dokarsa ta 1318 ta ce duk mai dukiyar fam 10 ya tanadi lifidi da kwalkwali da safar ƙarfe da takobi da mashi, mai dukiyar da ta kai saniya ɗaya ya tanadi mashi, ko baka da kibiya 24. Amma shi ma ya ji a jikinsa. Ƙasar sarauta ta ragu har a 1326 majalisa ta yarda a riƙa ba shi ushirin kuɗin hayar filaye iya rayuwarsa.

Babban ƙulli shi ne dokar Cambuskenneth ta Nuwamba 1314, wadda ta ce duk wanda ya mutu yana yaƙar Bruce, ko bai zo ya yi caffa ba, an raba shi da gadonsa har abada. Na fahimci dalilinsa, ba a riƙe ƙasa da mutane masu ƙafa biyu. Sai dai dokar ta haifar da ƙungiyar mutane da babu abin da zaman lafiya zai ƙara musu. Yarjejeniyar 1328 ta amince da 'yancin Sikotlan, Sikotlan ta biya fam 20,000, amma Henry Beaumont, wanda ke neman Buchan ta hannun matarsa 'yar gidan Comyn, da Thomas Wake mai neman Liddesdale, ba su samu komai ba, domin an riga an raba wa waɗanda suka zubar da jini don Bruce. A 1332 suka haɗa runduna da kuɗinsu, suka ɗauko Edward Balliol, mai neman sarautar Sikotlan, suka shiga jirgi daga bakin kogin Humber, suka murƙushe rundunar Sikotlan a Dupplin Moor. Yaƙi ya dawo sabo. Zuwa 1334 su kansu sun fara faɗa da juna kan gadon gidan Mowbray.

Daga nan Ingila ta ƙara karkata ga kwangila. Akan rubuta sharuɗɗa sau biyu a fata ɗaya, yawan mayaƙa da lada da wa'adi, a yanka ta tsakiya a karkace, kowa ya riƙe rabi, ranar jayayya a haɗa a gani. John Coupland, wanda ya kama Sarki David na biyu na Sikotlan a yaƙin Neville's Cross a 1346, an saka masa da fam 500 duk shekara. Sai dai ƙasa ba ta daina aiki ba: gidan Percy ya samu ganuwar Warkworth a 1332 a madadin mak 500 da sarki ke biyansa a shekara, mak ɗaya kuwa sule 13 ne da kwabo 4. Kira na ƙarshe da aka yi wa masu riƙe da ƙasa su fito bisa tsohuwar hidima shi ne na Sarki Richard na biyu na Ingila a 1385, shi ma a kan Sikotlan.

Ina roƙon marubucin, in zai ci gaba, ya ware fitowa guda ga dokar 1314 da yarjejeniyar 1328, ya kuma sa taswirar da ke nuna Annandale da Buchan da Liddesdale, saboda ɗalibanmu suna karanta shafin.

Wassalam.

Malamin tarihi,
Unguwar Rogo, Jos.