Gaisuwar Babbar Sallah daga Syracuse

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun yi Sallah lafiya, ku da Inna da su Yaya da yara duka. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Kuɗin rago na tura wa Yaya tun makon jiya. A cire wa Gwaggo kasonta, yara kuma a ba su goron Sallah. Mu ma mun yi Idi, layya kuwa sai a gona can bayan gari, don nan ba a yanka a ƙofar gida.

Akwai labarin da na ajiye muku, saboda na san ku da son tsohuwar mota. Mai garejin da nake wa aiki yana da motar 'yan kwana-kwana ƙirar American LaFrance, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma yana cikin ƙungiyar masu riƙon irin waɗannan motoci, wadda ake kira SPAAMFAA. A garin nan namu na jihar New York aka kafa ta a 1958, da mutane 'yan ƙalilan.

Yadda ta haɓaka shi ne abin ji. A wancan zamani garuruwa na ta sauya tsofaffin motocinsu da sababbi, tsofaffin kuma a sayar da su da araha, wasu ma 'yan gwangwan ke kwashewa. Alhali motar kashe gobara ba ta cin hanya. Kullum tana tasha ana goge ta, sai an yi kira ta fita, shi ma cikin gari. Sai ka ga mota ta shekara talatin inji garau. Saye dai ba wuya, riƙon ne aiki. Ina za ka ajiye ta a garin da ƙanƙara ke rufe mota? Wa zai ba ka kayan gyaran famfon da aka daina ƙerawa? Dole mai mota ya nemi ɗan'uwansa mai mota: wannan yana da littafin gyara, wancan yana da rumbu a gona, wani tsohon ɗan kwana-kwana ne da ya san famfo kamar yunwar cikinsa. Daga wasiƙu aka kai ga mujalla mai suna Enjine!-Enjine!, sannan rassa suka yi ta buɗewa jiha-jiha. Galibin 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa-kai ne, shi ya sa samun mambobi bai yi wuya ba.

Idan zafi ya shigo sukan yi taro, a jero motoci ana kaɗa ƙararrawa ana busa jiniya, kamar hawan Daushe, kowa na taƙama da dokinsa. Daga nan a nufi bakin tafki, a jefa mesa, a ga famfon wa zai fi cilla ruwa. Can na ga Ahrens-Fox ta birnin Cincinnati, mai famfo a gaba da wata ƙatuwar ƙwallo mai sheƙi a kansa. Ba ado ba ce, Baba: iskar da ke cikinta ce ke daidaita bugun fistin, ruwa ya fito bai ɗaya ba tsalle-tsalle. Man da motocin nan ke sha kuwa, Allah ya kyauta, matar maigidana ba ta ko son a ta da zancen.

Ni ƙyalƙyalin bai dame ni ba. Abin da ya ja ni, tsoho zai zauna da kai yini guda yana koya maka saita kafireta, ko sisi ba zai karɓa ba, don kada ilimin ya bi shi kabari. Yanzu duk Asabar ina taya su aiki. Hotuna na nan a wayar Yaya, ku sa ya nuna muku.

A gaida Malam Liman da mutanen gareji. Inna ta sa ni a addu'a, in an samu mai zuwa kuma a haɗo mini da kilishi da yaji.

Wassalam,
ɗanku.