Zuwa ga Ministan Lafiya: Likitan da ke Ƙirga Masu Sankara Ma Yana Buƙatar Gurbi

Mai girma Farfesa Muhammad Ali Pate, Cigarin Misau,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wani ɓangare na yaƙi da cutar sankara wanda ba a yanka masa kirtani, ba a kuma gayyatar 'yan jarida su ɗauki hotonsa. Ina nufin aikin likitan da ke bin diddigi: wa ya kamu, a wane gari, yana da shekara nawa, me yake ci, wane ruwa yake shiga, kuma bayan shekara biyar yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya.

Mun ga cibiyar jinyar sankara da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, mun kuma ga allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tun watan Oktoban 2023. Allah ya saka da alheri. Amma nan da shekara ashirin, idan wani ya tambaya ko allurar nan ta rage cutar a Jigawa ko Kebbi, da wane adadi za a kwatanta? Sai an san yawan matan da ke kamuwa yau kafin a iya cewa sun ragu gobe.

Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan 128,000 ne suka kamu da sankara a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Duk wani jawabi na ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da sankara ta duniya, da waɗannan lambobi ake buɗe shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙiyasi ne, kuma an gina shi ne a kan rajistocin sankara, wato ofisoshin da ke rubuta duk wanda ya kamu a yankinsu, 'yan ƙalilan irin na Ibadan da Abuja da Kalaba, sannan aka shimfiɗa sakamakon a kan ƙasa baki ɗaya. Ta Ibadan tun 1960 take aiki, ta cancanci yabo. Sai dai ba za a auna hatsin Dawanau a ce an san abin da ke rumbun kowane manomi ba. Manomin shinkafa a Kadawa da ma'aikacin ofis a Abuja ba ruwa ɗaya suke shiga ba, ba kuma cuta ɗaya ke jiransu ba.

Ga misali a kusa. A garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da magudanan noman rani, irin su Bakolori da Goronyo da Tiga, yaro ya yi fitsari da jini a ƙarshensa ba abin tayar da hankali ba ne. Tsargiya ce, in ji iyaye, zai girma ta bar shi. Ƙwayayen tsutsar da ke jawo tsargiyar kuwa suna nan maƙale a bangon mafitsara, suna ta yi mata rauni shekara da shekaru, kuma IARC ta daɗe da sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Likitocin tiyata a Sakkwato da Kano sun sha rubuta cewa suna yawan ganin sankarar mafitsara, har a jikin mutanen da ba su tsufa ba. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai araha da ake rabawa a makarantu. Likitan da zai zauna ya haɗa taswirar tsargiya da ta masu sankarar mafitsara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, shi zai gaya maka inda ya kamata a ninka rabon ƙwayar nan. Haka lamarin hanta yake: ciwon hanta nau'in B a gefe guda, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba a ɗaya gefen, idan suka haɗu a jiki ɗaya haɗarin ya ninka sau da yawa. Gambiya, duk da ƙanƙantarta, ta fara bin wannan sawu tun 1986, ta haɗa rigakafin jarirai da rajistar sankara ta ƙasa don a ga sakamako bayan yaran sun zama magidanta.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a nahiyarmu. Denis Burkitt likitan tiyata ne ɗan Ailan, mai ido ɗaya, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala. A 1957 aka nuna masa yaro da kumburi a muƙamuƙi, ba da jimawa ba ya ga wani. Da ya ga dama da ya yi musu abin da zai iya ya wuce. Sai ya koma ɗakin ajiyar fayil yana tono tsofaffin takardu, ya buga hoton cutar ya aika wa asibitoci a faɗin Afirka yana tambaya ko sun taɓa gani. A 1961 shi da abokansa biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar mil kusan 10,000, asibiti bayan asibiti, suna sa alama a taswira. Taswirar ta nuna cutar tana bin wurare masu zafi da damshi ne, tana kauce wa tsaunuka masu sanyi, wato tana bin sawun zazzaɓin cizon sauro. Daga naman da ya riƙa aikawa Landan ne aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko cikin ƙwayoyin bairas da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. A Ibadan kuma, Farfesa Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani na iya narkar da wannan kumburi, har aka haɗa su da Burkitt a lambar yabo ta Lasker a 1972. Farkon wannan duka fayil ne da kan sarki da taswira.

Yanzu mu dubi matashin likita a Zariya ko Maiduguri da ke da irin wannan kai. Ya gama horo a fannin lafiyar al'umma. Ƙarin girma yana tafiya da yawan maƙalu, don haka sai ya tattara fayilolin asibiti ɗaya na shekara biyar ya rubuta, domin shi ne abin da zai iya yi da aljihunsa. Amma fayil ɗin asibiti labarin waɗanda suka iso ne kawai. Ba ya ɗauke da matar da aka gaya wa daji ba ya son allura, ta yi shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a ƙauye. Ba ya ɗauke da dattijon da aka ce ya kawo kuɗin gwajin nama, ya ce zai je ya dawo. Kuma mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kamar yadda addini ya koyar. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, babu takardar da ta ce ga abin da ya yi ajalinsa. Rajistar al'umma ta gaske tana buƙatar ma'aikata masu babur da ke zagaya asibitocin gwamnati da na kuɗi da ɗakunan gwaji, suna cire sunan da ya fito sau biyu, shekara bayan shekara. Idan kuɗin tallafin waje ne ke riƙe da ita, ran da tallafin ya ƙare ranar babur ya tsaya. Likitan kuma, a ganina ba laifinsa ba ne idan ya buɗe asibitin kuɗi ko ya nemi biza.

Ranka ya daɗe, kai ba sai an yi maka dogon bayani ba. Lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya a matakin farko, an ci ƙarfin shan inna ne saboda duk yaron da ƙafarsa ta saki a lungun da ya fi kowane nisa, akwai jami'in da aikinsa ne ya je, ya ɗebi bayan gida, ya sa a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Sarakuna da masu unguwanni sun shiga ciki. Hanyar tana nan, mutanen suna nan.

Roƙona shi ne cibiyar NICRAT, wadda dokar 2017 ta kafa don bincike da jinyar sankara, ta samu layi na dindindin a kasafin kuɗi don rajistar al'umma aƙalla ɗaya mai ƙarfi a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, albashin ma'aikata da man babur duka a ciki. A wajabta wa kowane ɗakin gwaji, na gwamnati da na kuɗi, ya kai rahoton duk sankarar da ya tabbatar. Sannan a buɗe gurbin aiki a asibitocin koyarwa inda likita zai ba bincike rabin makonsa ba tare da an ce ya guje wa majinyata ba, ya kuma kai ƙololuwar muƙami ta wannan hanya kamar takwaransa mai riƙe da wuƙar tiyata. Idan rahoton shekara ya fito, a fassara taƙaitaccensa a karanta a rediyo da Hausa da Fulfulde da Kanuri, domin mai garin da ke bakin dam ya ji da kunnensa abin da fitsarin jinin nan ke zama.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiya daga Kano