Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Al'adu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

A taron bara kuka ɗora mana aikin binciko yadda maƙwabtanmu 'yan Meziko a nan Shikago suka riƙe rawar gargajiyarsu har kan jikoki, alhali yaranmu ko sunan kalangu wasu ba su sani ba.

Mun fara da kai yara gidan tarihin fasahar Meziko da ke unguwar Pilsen, inda shiga kyauta ce. Daga nan ne muka koma kan tarihin ƙungiyar rawar gargajiya ta Ballet Folklórico de México, domin duk malamin rawar da muka tambaya a unguwar sai ya ambace ta.

Wata mata ce, Amalia Hernández, ta kafa ta a birnin Meziko a 1952, da 'yan rawa 8 kacal. Talabijin ya fara fito da su. A 1959 suka zo garin nan wakiltar ƙasarsu lokacin wasannin ƙasashen nahiyar Amurka, a 1961 kuma suka ciyo kyauta a Paris. Har gobe suna wasa a babban zauren Bellas Artes da ke birnin Meziko, kuma tun rasuwar Amalia a 2000 aikin bai bar hannun zuriyarta ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne yadda ta yi aikin. Ƙauyuka ta bi tana kallo: rawar barewa ta ƙabilar Yaqui a jihar Sonora, rawar tsofaffi ta jihar Michoacán mai sanduna da fuskokin katako, buga ƙafa irin na jihar Veracruz cikin fararen kaya, da manyan siket na jihar Jalisco. Sai ta taƙaita kowace, ta gyara ta daidai da dandamalin zauren wasa. A nan gardama ta kaure a zamanmu. Wasu dattawa suka ce rawar da aka raba da bikinta ta zama kwalliya kawai, ai wannan sukar ma 'yan ƙasar sun yi mata. Ni dai, a matsayina na magatakarda, ina ganin yaron da aka haifa a Shikago dandamalin zaure kaɗai gare shi, ba zai ga dandalin ƙauye ba. Ba a tashi da matsaya ɗaya ba.

Inda muka gaza ba za mu ɓoye ba. Atisayen yara na ranar Asabar ya tsaya tun shigowar sanyi, saboda kuɗin hayar zaure ya gagara, kuma har yanzu da rikoda muke kiɗa, ba mu samu makaɗi ba.

Muna roƙon taro ya yanke shawara kan kuɗin zauren. Iyaye mata kuma, duk mai zani ko ɗankwalin da za ta iya ba da aro, ta sanar da ma'aji kafin zama na gaba.

Wassalam,
Magatakardan Kwamitin Al'adu