Ɗan kawuna ya yi mani lissafin da ya kunyata ni gaban malamai

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da ma'aikatan shirinki baki ɗaya. Don Allah a sakaya sunana. Ƙarfe biyu na dare nake wannan rubutu, yau kwana uku rabona da barcin kirki.

Ranar Laraba na tsaya gaban malamai don kare kundina na digiri na biyu a nan Katsina. Mai jarrabawar da aka gayyato daga waje ya buɗe babi na huɗu, ya ɗora bakin biro kan lamba ɗaya, ya ce, "Malama, wannan daga ina ta fito?" Na ce matsakaicin sakamakon bincike 14 ce. Sai ya cire tabarau ya ajiye kan tebur, ya yi shiru. Malamin da ke duba aikina ya sunkuyar da kai. Wallahi Anti ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in koma baya. Aikina a kan tasirin takin zamani ne ga amfanin gero. Da fari niyyata in shiga ƙauyukan Batsari da Jibiya in yi hira da manoma, amma kin san halin da hanyoyin nan suke ciki, maigidana ya ce ko da wasa. Shi ne aka ce in yi meta-analisis, wato in tattaro binciken da wasu suka riga suka wallafa in fitar da amsa guda daga cikinsu. Ba sabon abu ba ne, tun 1976 wani Ba'amurke, Gene Glass, ya raɗa mashi wannan suna. Kowane binciken da na samo ya yi lissafin rigireshan, wanda ke ba da lambar da ke nuna in aka ƙara taki kaza, gero zai ƙaru da kaza. Ni na nemo su, ni na karanta su ɗaya bayan ɗaya da goyo a bayana, wasu ma daga Maraɗi da Damagaram da Faransanci, sai da na biya aka fassara mani. Babu wanda zai ce ban wahala ba.

Haɗa lambobin ne ya gagare ni, sai na kai wa Yaya, ɗan kawuna. A gidanmu na Ƙofar Ƙaura ya tashi, mahaifiyata ta yi mashi komai, kuma duk dangi sun san shi da cika bakin iya lissafi. Ya karɓi naira dubu 80, sai da na sayar da ɗan kunnena na zinari. Bayan kwana biyu ya turo mani fayil. Ashe zuba lambobin ya yi a Excel ya tara su ya raba da 14, shi ke nan. Na tambaye shi, "Yaya, haka kawai?" Ya ce, "Ke dai ba ki da yarda, kowa haka yake yi."

Mai jarrabawar nan bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Tashi ya yi ya je allo. Ya ce wani binciken da kilo a hekta ya auna gero, wani da buhu, wani kuma logaridim ya ɗauka, lambarsa kashi cikin ɗari take nufi. Ya ce, "A kasuwa za ki tara tiya da dami da buhu ki raba uku ki ce kin san farashi?" Sannan ya ce ko ma'aunin ɗaya ne, wanda ya sa ruwan sama da girman gona da takin gida cikin lissafinsa, lambarsa ba abu ɗaya take faɗa da ta wanda ya sa taki kaɗai ba, domin lambar tana canzawa gwargwadon abubuwan da aka jera tare da ita. Abin da ya fi ci mani rai shi ne na uku: binciken manoma 60 da na manoma sama da dubu, Yaya ya ba su nauyi ɗaya. Ashe kowace lamba da nata ma'aunin kuskure, mai nuna yadda za ta iya kauce wa daidai, a ninka shi da kansa, a raba ɗaya da abin da ya fito, shi ne nauyinta. Mai ƙaramin kuskure ita ke rinjaye.

Mai jarrabawar ya ce in nemi maƙalar Becker da Wu ta 2007, a kan wannan matsala aka rubuta ta. Ko dai in mayar da lambobin kan ma'auni ɗaya, ko in juya kowace zuwa ma'aunin alaƙa daga lambar t ɗinta, wato abin da ke fitowa in aka raba lambar da ma'aunin kuskurenta, in yi amfani da hanyar DerSimonian da Laird ta 1986 tunda gonar Daura da ta Maraɗi ba lallai taki ya yi masu aiki iri ɗaya ba, in kuma nuna girman saɓanin da ke tsakanin binciken. Ya ce manhajar R kyauta ce, ana ɗora mata wani ƙari mai suna metafor da ke irin wannan lissafi. An ba ni wata uku.

Da na fito na kira Yaya ina kuka. Kin san me ya ce? "Ai matsakaici kika ce in fitar maki." Ya kashe waya. Washegari na gan shi wajen Kawu yana shan fura yana dariya, ko kallona bai yi ba. Na san za a ce me ya sa na sa hannu kan abin da ban gane ba, amma in mutum bai yarda da ɗan'uwansa ba, da wa zai yarda? Darasin lissafin da aka yi mana zango ɗaya ne, a lokacin kuma ina wankan jego.

Na manta ban gaya maki ba, shi ne zai auri ƙanwata, an sa rana bayan Babbar Sallah, har an kawo lefe.

Malamina ya ce in same shi ofis ranar Litinin mai zuwa, kuma na san tambayar farko ita ce wa ya yi mani babi na huɗu. In na ce ni ce, na yi ƙarya, kuma zai ɗauke ni jahila. In na ce Yaya ne, na amsa da bakina cewa na ba wani aikina, ban san ko hakan zai jawo a kore ni ba. Ga shi da na koma kan takardun jiya na tarar huɗu daga cikin 14 ba su ma rubuta ma'aunin kuskure ba. Na aika wa marubutan saƙo, babu wanda ya amsa. In na cire su saura goma, ko za a ce na zaɓi waɗanda suka yi mani daɗi ne?

Kuɗin ma na yafe. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙanwata. Mutumin da ya kalli idona ya juya maganarsa a kan dubu 80, shi za a ɗauke ta a kai mashi. In gaya wa Hajiyarmu ne tun kafin biki, ko in bari sai na ga abin da Litinin za ta haifar? Don Allah Anti ki karanta wannan a shirin Asabar, kafin in shiga ofishin nan.

Taki,
Wata ɗiyarki daga Katsina